Yadda Ake Fita Dogon Hunturu Mai Dusar Ƙanƙara Lafiya a Ƙaramin Gidan Gona

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata huɗu, biyar, wani lokaci har shida, mai ƙaramin gidan gona yana fuskantar wani yanayi da ba ya yafe sakaci, domin gona ta daina bayarwa, makiyaya ta binne, hanya tana iya toshewa kwana da kwanaki, kuma duk abin da iyali da dabbobi za su ci ko su ji ɗumi da shi, sai dai wanda aka riga aka tara. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tsananin sanyi ne babbar matsala, amma a ganina laima ta fi shi ɓarna, sannan daskarewar ruwa ta biyo baya. Busasshen itace, busasshiyar shimfiɗar dabbobi, busassun tufafi, da ruwan da bai daskare ba, su ne ginshiƙan da komai ya dogara a kansu, kuma yawancinsu tun da rani da kaka ake tanadinsu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara da itace, domin shi ne ya fi ɗaukar lokaci. Itacen da aka sare ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma idan aka jefa shi a murhu haka, wutar za ta ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan maimakon ɗumama ɗaki. Ana son danshin itace ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin a ƙona shi, wanda ke nufin a faskara shi, a jera shi a kan wani abu da zai ɗaga shi daga ƙasa, a rufe samansa kawai, a bar gefe da gefe a buɗe don iska ta riƙa ratsawa. Itace mai laushi yana iya bushewa a rani guda, amma mai tauri, wanda shi ne ya fi daɗewa a wuta ya kuma bar garwashi mai kyau, yakan buƙaci shekara ɗaya ko biyu. Saboda haka mai hankali itacen baɗi yake faskarawa bana. Akwai hanyar gane busasshe ko da babu na'urar auna danshi: bakinsa yakan tsattsage, ya yi sauƙi a hannu, kuma idan aka buga guda biyu da juna sai a ji ƙara mai kaifi, ba kamar ɗanye ba da ke yin wani ɗan dum a toshe. Idan aka sa shi a wuta aka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa, to bai isa ƙonawa ba.

Illar ɗanyen itace ba ta tsaya ga rashin zafi ba. Hayaƙinsa mai sanyi ne, mai laima, kuma yana barin wata baƙar kunkunniya mai danƙo a cikin bututun hayaƙi, wadda idan ta yi kauri takan kama da wuta a cikin bututun, ta kuma iya cinye gidan baki ɗaya. Don haka a share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo, a sake dubawa a tsakiyar hunturu idan murhu na ci dare da rana. Tokar da aka kwashe a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye shi waje nesa da bango, domin garwashi yana iya kwana biyu ko uku da rai a ƙarƙashin toka. Haka kuma kowane gida da ke ƙona itace, gas ko kananzir yana buƙatar na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru, saboda wannan iska ba ta da wari kuma ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri, ta kashe mutum yana barci. Janareta kuwa ko kusa kada a kunna shi a cikin gida ko gareji, ko da ƙofa a buɗe take. A ajiye shi waje, kamar mita 6 daga tagogi da ƙofofi.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce wahalar kowace safiya. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, kuma idan ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa bututu, ya tsaga famfo, ya buɗe gindin bokiti. Bututun da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa dole ya kasance ƙasa da zurfin da ƙasa ke daskarewa a yankin, wanda a wurare masu tsananin sanyi yakan wuce mita ɗaya. Wanda ke waje ko a jikin bango a naɗe shi da abin hana sanyi, tiyon ban-ruwa kuma a cire shi, a tsiyaye, a rataye tun kafin sanyin farko. Kowa a gidan, har da yara masu wayo, ya san inda makunnin babban bututu yake, domin ranar da bututu ya fashe ba lokacin nema ba ne. Idan bututu ya daskare, a narkar da shi a hankali da tsumma mai ruwan zafi ko na'urar busar da gashi, a bar bakin famfon a buɗe, amma kada a kai masa harshen wuta. Wanda rijiyarsa ke aiki da lantarki ya tuna cewa ɗaukewar wuta ɗaukewar ruwa ce, don haka ya ajiye ruwan kwanaki a jarkoki a wurin da ba ya daskarewa. Kada a dogara da narkar da dusar ƙanƙara, domin sabuwar dusa mai zurfin santimita 10 ruwan da take bayarwa bai fi kamar santimita 1 ba, ga cin itace.

Dabbobi sun fi jure sanyi fiye da yadda masu su ke zato, muddin suna bushe, iska ba ta bugunsu kai tsaye, kuma cikinsu a cike yake. Tumaki, awaki da shanu suna samun ɗumi daga cikinsu, domin narkewar ciyawa a tumbi tana haifar da zafi, shi ya sa a daren da sanyi ya tsananta ƙarin ingirici ya fi amfani a kan ƙarin hatsi. Lissafin tanadi ba shi da wuya: dabba mai tuƙa tana cin busasshiyar ciyawa kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinta a kullum, wato akuya mai kilo 50 za ta ci kusan kilo ɗaya da rabi a rana, wanda a kwana 180 ya kama kilo 270. A ƙara wani abu a kan wannan saboda wanda za su tattake su ɓata, da kuma yiwuwar bazara, wato lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa, ta makara. Manoman ƙasashen sanyi suna da wani tsohon ma'auni da ya cancanci a riƙe shi: a farkon Fabrairu, a yankin arewacin duniya, ya kamata rabin itace da rabin ingirici su kasance suna nan ba a taɓa ba. Wanda ya duba a lokacin ya ga ya gaza haka, gara ya nemi ƙari nan take, ko ya rage yawan dabbobinsa, da ya jira ƙarshen hunturu lokacin da kowa ke nema. Ingirici kuma a tabbata ya bushe sarai kafin a tara shi, domin mai laima yana yin fumfuna da ke cutar da dabba, kuma tarinsa yana iya yin zafi a ciki har ya kama da wuta da kansa.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu tausayin dabbobi shi ne toshe kowace kafa ta garke da akurki don kada sanyi ya shiga. Numfashin dabbobi da kashinsu suna fitar da laima da wani wari mai yaji da ke shiga ido, kuma idan ba su sami mafita ba sai su taru, su jawo ciwon huhu ga tumaki da awaki, su sa sanyi ya ƙone jan naman da ke kan kaji da yatsunsu. Abin da ake so shi ne a bar kafofi a can sama kusa da rufi, inda iska mai laima za ta fice, a toshe na ƙasa da ke hura iska a jikin dabba. Gwajin mai sauƙi ne: a shiga da sassafe, a duba rufin daga ciki, idan an ga raɓa na ɗiga ko ta daskare ta yi fari a jikinsa, to iska ba ta wadata ba, sannan a durƙusa a kan shimfiɗar, idan gwiwa ta jiƙe, a ƙara busasshiyar ciyawa ko dusar katako a kai. Wasu sukan bar shimfiɗar ta yi ta kauri har ƙarshen hunturu, suna ƙara sabuwa a sama, ta ƙasa tana ruɓewa a hankali tana ba da ɗan ɗumi, kuma da bazara ta zama taki mai kyau. Fitilar ɗumama akurki ba na ba da shawararta sai ga 'yan tsaki, saboda ƙura da busasshiyar ciyawa da gashin kaji duk abokan gobara ne. Ƙwai zai ragu, domin kaza tana buƙatar hasken kusan sa'a 14 a rana kafin ta ci gaba da saka shi yadda ta saba, kuma mutum na iya ƙara mata haske ko ya bar ta ta huta. Ruwan sha dai a fasa ƙanƙararsa ko a sauya shi aƙalla sau biyu a rana, domin dabbar da ba ta sha ba takan rage ci, wadda ta rage ci kuma ita sanyi ke fara kayarwa. Kwanon roba mai lanƙwasuwa ya fi na ƙarfe, don ana kifa shi a taka gindinsa ƙanƙarar ta faɗo.

Abincin gida bai kai wannan wuya ba. Dankali, karas da kabeji suna son wuri mai duhu, mai sanyi da ɗan danshi, wanda bai kai ga daskarewa ba, kamar ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Albasa da tafarnuwa kuwa busasshen wuri suke so. A riƙa bi ana dubawa ana cire wanda ya fara ruɓewa. A kuma ajiye abincin mako biyu da ba ya buƙatar firji, da magungunan da wani a gidan ke sha kullum, da tocila, batir da ashana.

Ita kanta dusar ƙanƙarar a riƙa kwashe ta tun tana sabuwa, kafin a tattake ta ko ta narke ta sake daskarewa. Tun da kaka a kafa dogayen sanduna a gefen hanyar da ke zuwa garke, rijiya da rumbun itace, domin bayan guguwa babu abin da ake ganewa. Dusa mai laima tana da nauyi ninki da yawa a kan busasshiya, kuma rufin rumfa ko garke mai kwance yana iya ruftawa a ƙarƙashinta, musamman idan ruwan sama ya sauka a kanta, don haka a jawo ta daga ƙasa da doguwar sanda mai faffaɗan kai maimakon hawa rufin. Aikin shebur a cikin sanyi yana matsa wa zuciya ƙwarai, kuma mai shekaru ko mai ciwon zuciya ya ɗauki kaɗan kaɗan, ya tura maimakon ɗagawa, ya tsaya da zarar ya ji nauyi a ƙirji. Tufafi a sa su hawa-hawa yadda za a iya cire ɗaya idan jiki ya ɗauki zafi, domin gumi shi ne ke jawo sanyi ya shiga jiki bayan an tsaya. Ulu yana riƙe ɗumi ko ya ɗan jiƙe, auduga kuwa tana riƙe ruwa ta manne a fata. Idan yatsa ko kunne ya yi fari ya daina ji, kada a murza shi, kada a kai shi bakin wuta, a sa shi a ruwa mai ɗumi a hankali, a nemi likita. Wanda kuma ya fara karkarwa mai tsanani, maganarsa na sarƙewa, hankalinsa na rikicewa, zafin jikinsa ne ke sauka ƙasa da digiri 35, kuma wannan lamari ne na gaggawa.

Akwai wani nauyi da ba a auna shi da kilo, wato duhu da kaɗaici. A watan Disamba rana takan fito a makare ta faɗi da wuri, mutum ya yi kwanaki bai ga baƙuwar fuska ba, har kasala da ƙuncin rai su fara shigarsa ba tare da ya lura ba. Fita waje da tsakar rana ko da na ɗan lokaci ne, tashi da kwanciya a kan lokaci guda, da riƙe wani aikin hannu kamar gyaran kayan aiki, wasa gatari ko tsara shukar baɗi, duk suna taimakawa ƙwarai. A yi yarjejeniya da maƙwabci mafi kusa cewa za a riƙa jin lafiyar juna bayan kowace guguwa, kuma idan ƙuncin ya daɗe ya hana aiki ko barci, a gaya wa likita, domin ciwo ne da ake maganinsa.

Makonnin ƙarshe suna yaudara, saboda rana ta fara zafi amma dare yana nan da sanyinsa, abin da ya narke da rana ya koma ƙanƙara mai santsi da asuba, kuma yawancin faɗuwa da karaya a irin wannan hanya ake yin su. A yayyafa yashi ko toka mai sanyi a hanyoyin da ake bi. A buɗe magudanai tun kafin babban narkewa, a janye tulin dusar da ke jingine da bangon gida da na garke don kada ruwanta ya gangaro ciki, kuma kada a yi saurin sakin dabbobi a makiyaya tana taɓo, domin kofatonsu zai lalata saiwar ciyawar da ake jira, sai ƙasa ta tsane ta iya ɗaukar nauyinsu.