Yadda ake jinyar mai kansar tumbi bayan tiyata

Da can idan aka yanke wa mutum tumbi saboda kansa, kwantar da shi ake yi kwana da kwanaki, ga roba a hanci, ba ci ba sha har sai hanji ya motsa. Yanzu abin ya canja. Wani likitan tiyata ɗan Denmak, Henrik Kehlet, shi ya fara kawo tsarin saurin farfaɗowa tun shekarun 1990, a 2014 kuma ƙungiyar ERAS, ta masana wannan tsari na saurin farfaɗowa bayan tiyata, ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan tiyatar tumbi. Binciken nas-nas duk nan ya karkata: a tashi mara lafiya da wuri, a ciyar da shi da dabara, a riƙa jin kokensa tun abu bai yi nisa ba. Toh idan kai ne mai jinya ga yadda za ka ɓullo wa abin.

Ka tashe shi tun washegarin tiyata in dai likita bai hana ba. Ya fara da zama bakin gado, ƙafa na lilo, in jiri ya lafa sai ya miƙe ya ɗan taka kana riƙe da shi. Ka sa a ba shi maganin ciwo kafin tafiyar, ba bayanta ba, in zai yi tari ya danne wurin ɗinkin da filo. Tausayin barinsa a kwance cuta ce gaskiya, shi ke kawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu.

Babban yaƙin dai abinci ne, kuma nan masu jinya suka fi yin kuskure don gani suke in ya cinye kwano guda shi ne samun sauƙi. Tumbin da ke riƙe abinci ya ragu ko ma babu shi gaba ɗaya, saboda haka abinci zarcewa yake hanji kai tsaye, in ya yi yawa ko ya yi zaƙi sai ka ga cikin minti 10 zuwa 30 mutum ya jiƙe da gumi, gabansa na dukan uku-uku, ciki na murɗa, ga zawo, wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 sugansa ya faɗi ya kama kyarma kamar zai sume. Maganinsa a raba abincin kashi shida ko fiye a wuni, kaɗan-kaɗan, ya tauna sosai, kada ya haɗa ci da sha. Ruwa sai kamar rabin awa kafin ci ko bayansa. Lemon kwalba da kayan zaƙi a ɗaga musu ƙafa, a fi ba da ƙarfi kan abin gina jiki kamar ƙwai da kifi. Da dare a ɗaga kan gadon saboda ɗacin da ke tasowa maƙogwaro.

Ka nemi sikeli ka riƙa auna shi sati-sati kana rubutawa. Rama bayan wannan tiyata dole ce, amma in nauyi ya ci gaba da zubewa to a faɗa wa asibiti, kada a jira ranar komawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2021 an wallafa wani bincike da aka yi a Beijing kan masu kansar tumbi da maƙoshi wadda ta riga ta bazu, waɗanda aka haɗa su da masanin abinci da mai kwantar da hankali tun farkon kemo, wato magani mai kashe ƙwayoyin kansa, sun rayu wata 14.8 a tsaka-tsaki, sauran kuma 11.9. Ba sabon magani aka ƙara musu ba fa, kulawa ce kawai. Shi ya sa in ka ga ya daina magana, ba barci, ya juya wa abinci baya, ka ɗauke shi a matsayin ciwo ka kai rahoto.

Wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa karɓar bitamin B12 har ƙarshen rayuwa, galibi ta allura, don tumbi ne ke samar da sinadarin da ke sa jiki ya tsotse shi. Mutane na mantawa da wannan in jiki ya yi daɗi, sai daga baya kasala da dindiris a ƙafa su bayyana. A riƙa duba jini ma saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe.

In yana kan kemo ka tambayi sunan maganin. Oxaliplatin na sa yatsu da maƙogwaro su ƙi sanyi, ko buɗe firji sai ya ji kamar shokin, don haka abin sha mai ɗumi da safar hannu. Capecitabine kuma tafin hannu da na ƙafa yake sa su yi ja su tsattsage, a yi ta shafa mai, in sun fara zafi a kira nas.

Wasu asibitocin yanzu ta manhajar waya mara lafiya ke tura abin da yake ji, nas ta gani ta kira shi. In babu wannan, ɗan littafi ma ya isa: me ya ci, sau nawa ya yi amai, ciwon ya kai nawa cikin 10. Amma zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, bugun zuciya da sauri, amai da jini, baƙin bahaya, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, waɗannan ba na rubutawa a littafi ba ne, a tafi asibiti a take ko da tsakar dare ne, musamman a makonnin farko da ɗinkin ciki kan iya yoyo.