Kada ka sayi kwikwiyon da ba ka ga uwarsa ba

Sau biyu ɓarayi suna haura katangar gonata ta kaji da ke bayan garin Kaduna, a karo na biyu har da injin ban ruwa suka ɗauke. Maigadina, wani dattijo da muka daɗe tare, ya ce da ni: "Alhaji, idona biyu ne rak, kuma dare na da tsawo. Ka nemo mana kare." Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta, to ni sai ranar farautar na tashi nema, kuma gaggawar nan ce ta jefa ni hannun dillali.

A Facebook na ga hotunan. Muka yi waya, ya ce kada in wahalar da kaina zuwa gida, mu haɗu a wani gidan mai. Ya buɗe bayan mota, ga kwalin taliya da 'yan kwikwiyo huɗu a ciki, sun cure wuri ɗaya. Ya ce jinsin Rottweiler ne, satinsu takwas, an yi musu allura, ya miƙo mini wani kati mai rubutun biro. Na zaɓi wanda ya fi lafewa, don a ganina shi ne mai hankali. Ashe ciwo ne ya lafar da shi. Kwana huɗu ya daina cin abinci, sai amai, sai gudawa mai jini da wani irin ƙarni wanda har yau in na tuna sai in ji shi a hancina. Likitan dabbobin da na kai wa ta buɗe bakinsa, ta dubi haƙoran, ta dube ni. "Alhaji, wa ya ce maka satinsa takwas? Wannan ko shida bai cika ba." Ta ce cutar fabo ce, wata ƙwayar cuta mai saurin yaɗuwa da ke kama hanjin 'yan kwikwiyo. Aka yi ta ƙarin ruwa, a kwana na bakwai ya mutu.

Da na matsa wa dillalin, sai ya ce in zo ya kai ni wurin mai karnukan a musanya mini. Abin da na gani a can ne ya sa nake wannan rubutu. Wani kango ne da ba a gama ginawa ba. An jera kejin ƙarfe irin na walda, wani a kan wani, fitsarin na sama yana zuba kan na ƙasa. Uwar kwikwiyona tana cikin ɗaya daga ciki, ko juyawa ba ta iya yi da kyau. Nonuwanta sun zube, ana iya ƙirga haƙarƙarinta, kunnuwanta cike da kaska, tafin ƙafafunta duk gyambo saboda tsayuwa a kan waya. Na miƙa hannu, ba ta yi haushi ba, ba ta kaɗa wutsiya ba, ta dai maƙale a lungu. Mai wurin ya nuna ta da ƙafa, ya ce wannan ita ce ta fi kawo masa kuɗi. Na ce na yafe musanyar, na fito.

Lissafin wannan sana'a ba shi da wuya. Karya tana neman barbara kamar sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma manyan jinsi kan haifi bakwai, takwas, har fiye. Mai neman riba zalla ba ya bari zagaye ɗaya ya wuce ta, tun daga na farko, alhali ita kanta ba ta gama girma ba. Kowane sati da kwikwiyo ya ƙara a gidansa abinci ne da magani, don haka sai ya raba shi da uwa tun yana sati huɗu ko biyar. Idan ya rasa namiji sai ya haɗa uba da 'ya. Ranar da karyar ta daina haihuwa kuwa, ba ta da sauran amfani a wurinsa.

Ba a nan kaɗai ake yi ba, ƙasashen da muke kwaikwayo wajen kiwon waɗannan karnuka sun riga mu shan wannan matsala. A Ingila, tun ranar 6 ga Afrilun 2020 doka ta haramta wa dillali ko mai shago sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Dole ka je wurin wanda aka haifa a hannunsa, ko gidan da ake tara karnukan da aka ceto. Sunan wata ƙaramar karya aka sa wa dokar, Lucy, wadda aka ceto daga irin wannan kango a yankin Wales a 2013, bayanta ya tanƙware saboda zaman keji. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta hana shaguna sayar da irin waɗannan 'yan kwikwiyo tun 2019. Abin da dokokin suka gano shi ne dillali labule ne: muddin yana tsakani, mai saye ba zai taɓa ganin abin da ke bayansa ba. Mu da muke saye ta waya da bakin titi, sai dai kowa ya zama dokar kansa.

Kafin ma ka fara nema, ka zauna ka tambayi kanka aikin da karen zai yi. A addininmu an yi rangwamen ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, kuma malamai sun yi saɓani a kan cinikinsa, don haka ka tambayi malaminka. Amma babu saɓani a kan cewa abin da ka ɗaure, cinsa da shansa suna wuyanka. Duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare. Kare yakan yi shekara goma zuwa sha uku. In ba za ka iya ciyar da shi tsawon wannan lokaci ba, gara ka ƙara maigadi.

Sannan ka dubi garinka. Karen da ake kira Caucasian, wanda masu kuɗi ke yayi yanzu, na duwatsun Jojiya da maƙwabtanta ne, inda ƙanƙara ke zuba. Yakan haura kilo 50, ga gashi kamar bargo biyu. Ka ɗaure shi a tsakar gidan siminti a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ka ce kana son sa? A Jos ma da sauƙi.

In ka yanke shawara, to ga sharaɗin da ba na sassautawa ga kowa: ka je gidan da aka haife shi, ka ga uwar tare da 'ya'yanta. Ba hoto ba, ba bidiyo ba, gani ya kori ji. Duk wanda ya ce uwar tana asibiti, ko tana wani gari, ko tana da faɗa ba a shiga wurinta, ko ya ce ku haɗu a hanya, ka yi masa sallama. Wasu sun waye, sukan aro lafiyayyar karya su ajiye kusa da kwali. Ka tsaya minti goma kana kallo. Uwa ta gaske nonuwanta sun nuna ta shayar, 'ya'yan suna bin ta, tana lasar su, in ka ɗauki ɗaya idonta na kanka. Ta aro ko kallonsu ba ta yi. Ka nemi a zaga da kai bayan gida. In ka ga jinsi huɗu ko biyar, kuma kowane lokaci ka kira akwai 'yan kwikwiyo a ƙasa, masana'anta ce.

Kada ka karɓi wanda bai cika sati takwas ba. A makonnin nan ne yake koyon cizon wasa daga uwarsa da 'yan uwansa, ya san inda ake tsayawa. Wanda aka yaye da wuri shi ne yake tashi da tsoro, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizon yaran gida. Ka ɗaga leɓensa: dasashi ya zama ja-ja mai haske, in ya yi fari fat jini ya yi ƙaranci, ko tsutsa ko kaska. Ido babu kwantsa, hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Tumbi ya kumbura alhali ƙashin baya a fili, tsutsar ciki ce. Ka ajiye shi a ƙasa ka tafa hannu. Lafiyayye zai zabura, sannan ya dawo ya shinshina takalminka.

Katin allura shi ne inda aka fi cutar mutane, ni shaida ne. Allurar farko, wadda ta haɗa fabo da wasu cututtuka, ana yin ta ne tsakanin sati shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai wajen sati 16. Ta ciwon hauka kuma sai ya kai wata uku. To duk wanda ya ce maka ɗan sati takwas ya gama allurai, ƙarya yake yi. Katin gaske yana ɗauke da 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar maganin, da kwanan wata, da hatimi da lambar wayar likita. Ka kira lambar a gaban mai sayarwa. Ko allurar gaske ce, in ta kwana a aljihun wani cikin zafi ta zama ruwa, domin a firji ake ajiye ta. Kuma ku yi sharaɗi tun kafin kuɗi su fita: likitanka zai duba shi cikin kwana biyu, in akwai matsala za a mayar. Mai kiwon kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma tambayoyi zai yi ta jero maka, ina zai kwana, wa zai kula da shi, akwai yara a gidan.

Akwai wani tarko da mai tausayi ne kawai yake faɗawa. Ka ga kwikwiyo a kwali cikin rana yana haki, zuciyarka ta karye, ka ce bari in saya in cece shi. Kuɗin da ka bayar su za a sa a sake yi wa uwarsa barbara, kuma kafin sati ya zagayo wani ya maye gurbinsa a kwalin. Na san da zafi, amma ka wuce.

Da ka kawo shi gida, kada ya taka waje sai allurai sun cika. Ƙwayar fabo tana yin watanni a cikin ƙasa, har takalmi yana ɗauko ta. Ni sai da na wanke ɗakin da na farko ya mutu da ruwan bilic, na ƙona buhun da ya kwanta a kai, na kuma haƙura wata shida. Ragowar tuwo ba laifi, amma miyar da ta sha albasa da tafarnuwa tana lalata masa jini, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa a ciki, kuma kada a kuskura a ba shi maganin ciwon kai na mutane. Allurar haukan kare kuwa ba karen kaɗai take karewa ba, har da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta cizon kare ne. Ana samun allurar a asibitocin dabbobi na gwamnati, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos ma tana haɗa ta. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Karnukan da ke gonata yanzu guda biyu ne, kuma ba na waje ba ne. Maigadina ne ya kai ni wurin wani maharbi a ƙauyen da ke bayanmu, wanda karyarsa ta haifi shida a ƙarƙashin rumbu. Irin karen gida ne da muke rainawa, ja, siriri, mai tsayayyun kunnuwa, wanda ya saba da zafinmu da abincinmu. Sau uku ina zuwa ina ganin su suna tsotso. Na ce a ba ni tun a zuwan farko, maharbin ya girgiza kai, ya ce: "Alhaji, ka bari uwarsu ta fara korar su da kanta." Ranar da na je ɗauka ya ƙi karɓar kuɗi, sai na aika masa da kiret biyu na ƙwai da buhun dusa. Macen an yi mata aikin hana haihuwa, don ba ni da inda zan kai 'ya'ya shida duk bayan wata shida. Namijin yana kwana a bakin ɗakin injin ban ruwa, kuma tun daga kwanar gona yake gane ƙarar motata.