Yadda Ake Amfani da Dokokin Ba da Hanya a Tseren Jiragen Filafili

Jirgin filafili ba shi da birki, kuma a lokacin tsere iska kaɗai ce ke tura shi, saboda haka idan jirage da yawa suka nufi alama ɗaya a kan ruwa, abin da ke hana su karo shi ne kowane matuƙi ya san tun daga nesa wanda ya wajaba ya kauce. Hukumar World Sailing ce ke fitar da dokokin tseren, tana sabunta su duk shekara huɗu bayan gasar Olamfik, kuma bugun da ake aiki da shi yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Amfanin sanin su ya wuce kare kai daga hukunci, domin da su ake tsara inda za a tsaya kafin a isa wurin cunkoso.

Ka fara da sanin gefen da iska take shigo maka. Idan tana bugun gefen dama na jirginka, babban filafili kuma ya karkata hagu, kai mai iskar dama ne. Idan akasin haka ne, kai mai iskar hagu ne. Doka ta 10 ta ce idan waɗannan biyu suka haɗu, mai iskar hagu shi zai kauce. Doka ce da ake yawan karyawa, kuma sau da yawa dalilin shi ne filafili ya tare wa matuƙi gani, don haka ka riƙa leƙawa ta ƙarƙashinsa. Idan kana da iskar hagu ka hango jirgi yana tahowa, ka daidaita shi da wani abu a jikin jirginka. In yana ƙara girma amma matsayinsa bai sauya ba, to karo za ku yi. A nan zaɓinka uku ne: ka sassauta igiyar filafili ka bi ta bayansa, ko ka juya ka ɗauki iskar dama tun da sauran tazara, ko ka wuce ta gabansa idan ka tabbata za ka tsallake ba tare da ya sauya hanya ba. A ganina bi ta baya ya fi yawan amfani fiye da yadda sababbin matuƙa suke zato, domin asarar kaɗan ce, gudunka bai karye ba, kuma idan kun sake haɗuwa mai yiwuwa kai ne za ka zo da iskar dama.

Idan kuwa iskarku ɗaya ce kuma kuna kafaɗa da kafaɗa, wato wani sashe na jirginka ya shige layin da aka ja a ƙarshen bayan nasa, Doka ta 11 ta ɗora kaucewa a kan wanda yake sama, ta gefen da iska ke fitowa. Idan ɗaya yana baya ɗungurungum, Doka ta 12 ta ce shi zai kauce wa na gaba. Doka ta 13 kuma ta shafi mai juya goshin jirgi ta cikin iska: daga lokacin da goshin ya wuce saitin iska har ya daidaita a sabuwar hanyarsa, shi ne zai kauce wa kowa.

Samun hanya ba izinin karo ba ne. Doka ta 14 ta wajabta wa kowane jirgi, har da mai hanya, ya guje wa gogayya idan zai iya. Doka ta 15 da ta 16 sun ƙara da cewa wanda ya sami hanya yanzu-yanzu ta hanyar motsinsa, ko mai hanyar da ya sauya alkibla, dole ya bar wa ɗayan filin da zai kauce.

Wurin tashi shi ne inda waɗannan dokoki suka fi zafi. A tsarin da aka saba, ana ba da alamar gargaɗi saura minti 5, ta shiri saura minti 4, wata saura minti 1, sannan ta tashi. Kafin nan ka gwada layin tashi, ka tsayar da goshin jirgi saitin iska a tsakiyarsa, ka duba ƙarshen da goshin ya fi karkata gare shi, domin wannan ƙarshen ya fi kusa da alamar farko. Ka zo da iskar dama, ka tanadi fili a ƙasanka, wato ta gefen da iska ke nufa, inda za ka karkata ka ɗauki gudu a daƙiƙun ƙarshe. Kada ka kutsa tsakanin jirgin alƙalai da ke tsaye a ƙarshen layin da wani jirgi da ke ƙasanka, domin a ƙarshen layin tashi babu wanda ya wajaba ya buɗa maka, kuma yana da ikon tura ka waje. Wanda ya tsallake layi kafin lokaci sai ya dawo ya sake tashi, idan kuma an ɗaga baƙar tuta, tsallakewa a minti na ƙarshe tana fitar da shi daga wannan tseren.

Jirgi ba ya tafiya kai tsaye cikin iska, sai dai ya yi ta yanka ta a kusurwar da ta kai kimanin digiri 45, yana juyawa dama da hagu. Iska kuma ba ta tsayawa a wuri ɗaya. Idan ta karkata ta tilasta maka kau da goshi daga alama, lokacin juyawa ya yi, domin a ɗaya gefen wannan karkatar riba ce. Ka guji zama a inuwar iskar wani jirgi, inda filafilansa suka riga suka dagula ta, kuma kada ka yi saurin kaiwa gefen filin tsere, domin daga can kowace karkatar iska asara ce gare ka, ba ka kuma da sauran zaɓi.

A zagayen alama Doka ta 18 ce ke aiki. Akwai da'ira kewaye da alamar da ta kai nisan tsawon jirgi uku daga gare ta, kuma hukunci yana rataye ne a kan yadda kuke a daidai lokacin da na farkonku ya shiga cikinta. Idan kuna kafaɗa da kafaɗa, na waje zai bar wa na ciki filin zagayawa. Idan ɗaya ya shiga yana gaba sarai, na baya ba shi da haƙƙin cusa goshi ta ciki, ko da ya cim masa daga bisani, kuma idan ana shakkar ko ya sami kafaɗar a kan lokaci, ana ɗauka bai samu ba. Saboda haka faɗan neman ciki tun a tsawon jirgi shida ko bakwai ake fara shi. Ka kuma tuna cewa wannan doka ba ta aiki tsakanin jirage masu iska daban-daban da ke hawa zuwa alamar sama. A can Doka ta 10 ce ke nan daram, shi ya sa zuwa da iskar hagu cikin jerin masu iskar dama yake da haɗari ƙwarai. A alamar ƙasa kuwa, ka shigo da ɗan nisa ka fita kana manne da ita, don kada ka bar ƙofa ga na bayanka.

Idan ka karya dokar ba da hanya, ka fice daga cikin jirage da wuri ka yi zagaye biyu a jere ta gefe ɗaya, kowane zagaye da juyin goshi da juyin baya ta cikin iska. Taɓa alama zagaye ɗaya ne. Idan laifin ya jawo rauni ko babbar ɓarna, ko ya ba ka babbar riba duk da zagayen, sai ka janye daga tseren. Idan kai aka yi wa laifi, ka ɗaga murya da kalmar ƙorafi nan take, ka kuma nuna jar tuta idan tsawon jirginka ya kai mita 6, domin kwamitin sauraron ƙara yana iya ƙin duba ƙorafin da ba a sanar da shi a kan lokaci ba.