Yadda ake fitar da shara a ƙauyukan bakin teku na Japan

Duk wanda ya sauka a ƙaramin garin masunta a Japan, irin su Kesennuma can arewa a yankin Miyagi, ko karatu ya kai shi ko aikin kamfanin kifi, toh shara ce za ta fara haɗa shi faɗa da maƙwabta. Kuma ba za su zo su yi maka masifa ba fa, kawai za ka dawo daga aiki ka tarar da ledarka ita kaɗai a wurin an manna mata takarda, kowa ya wuce ya gani, a garin da baƙin fata ba su da yawa kowa ya san ta waye.

Fara da ofishin hukumar gari. Dama dole ka je cikin kwana 14 ka yi rajistar adireshinka da katin zama, to a nan ka roƙi kalandar shara ta unguwarku, ta unguwarku nace, don ranakun wannan unguwa daban da na waccan ko da gari ɗaya ne. Ka manna ta a jikin firij. Kada ka yarda da abin da abokinka na Tokyo ko Sendai ya faɗa maka, kowace hukuma da nata tsarin.

Sai leda. Garuruwa da yawa suna da ledarsu ta musamman mai sunan garin a jiki, ana sayarwa a babban kanti da ƙananan shagunan unguwa da ake kira konbini, in ka zuba a wata leda daban mota ba za ta ɗauka ba. Wasu wuraren har sai ka rubuta sunanka ko na unguwa da alƙalamin maka a jiki. Ni dai shawarata kar ka sayi babbar nan mai lita 45 in kai kaɗai ne, kafin ta cika gidanka ya gama wari, kuma kuɗin leda ne za ka riƙa jefarwa rabi a banza. Sayi ƙarama.

Rabawa kuwa ba wani wuya, mai ƙonuwa gefe ɗaya, mara ƙonuwa gefe ɗaya, sai gwangwani da kwalba da gorar roba da takardu. Gorar ruwa ko ta lemo a cire murfi, a ɓare takardar jikinta, a ɗauraye. Kwali a baje shi a ɗaure da igiya. Hoton da ke kan kalandar ya ishe ka.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne lokaci da kuma kifi. Ana fitar da shara da safiyar ranar ne, yawanci kafin ƙarfe 8 ko 8 da rabi, ba da daddare ba. Sabon zuwa sai yace ai gobe da asuba zan tafi aiki bari na ajiye tun yanzu, kafin gari ya waye hankaki sun yage ledar sun watsa komai a titi, ga kyanwa ga tsuntsayen teku, kuma wata tsohuwa ce da juyin shara ya faɗo kanta za ta zo da tsintsiya ta kwashe ƙazantarka. Wurin ajiyewar nan ba na gwamnati bane kai tsaye, ƙungiyar unguwa ce ke kula da shi bi da bi, shi yasa abin ke musu zafi. In raga ce a wurin ka ɗaga ka tura ledar can ciki ka ja ragar ta rufe har ƙasa, kar ka bar ko kusurwa a waje don hankakan Japan wallahi wayo ne da su. In keji ne ka tabbata ka sa sakata.

Kifi kuma, tunda bakin teku kake zai yi araha, wani lokacin ma maƙwabci ya miƙo maka kyauta. Mai ƙonuwa galibi sau biyu a sati ake ɗauka, to kayan cikin kifi da kai da ƙaya in suka kwana uku a leda cikin zafin watan Agusta ba a magana. Ka tsane ruwan, ka naɗe a tsohuwar jarida, ka ƙulle a ƙaramar leda ka jefa cikin firiza, ranar fitarwa ka ɗauko shi a daskare ka haɗa da sauran. Wannan doka ce a wurina. Ragowar mai na suya shi ma kada ka tuttula a wurin wanke-wanke, a tsotse shi da jarida ko a sayi wata hoda da ke daskarar da shi.

Kuma don Allah kada ka ce za ka tara a bayan gida ka cinna wuta kamar yadda muka saba, ko ka jefa a bakin ruwa. Dokarsu ta tanadi ɗaurin har shekara 5 ko tarar har yen miliyan 10.

Manyan kaya irin katifa, keke, kujera, sai ka buga waya ko ka kai da kanka wurin hukumar ka biya. Talabijin, firij, injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki hukuma ba ta ɗauka tun dokar 2001, shagon kayan lantarki za ka nema kuma akwai kuɗin biya. Gwangwanin gas na ƙaramin risho a ƙarar da shi tas tukuna, batun huda shi ko barinsa ka duba kalandarku. Ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu ana hutun ɗaukar shara na 'yan kwanaki, ka lura da ranar ƙarshe tun da wuri.