Zama cikin ruwan ɗumi don ciwon jiki: minti nawa, kwana nawa?

Jama'a da hunturu ya kama a Damagaram sai ka ji kowa na kukan gwiwa da ƙugu, tsofaffi su ce sanyi ne ya shiga ƙashi a ɗora tukunya. Ruwan ɗumi yana aiki kam, yana sakin jijiya jini ya zagaya ciwo ya lafa, amma yawancinmu muna cika mai zafi, mu daɗe ciki rana guda, gobe mu manta da shi.

Fara da zafin. Abin da ake so digiri 37 zuwa 40, wato ya ɗan fi jikinka kaɗan. Waye ke da termometir a makewayi? ba kowa ba, to sa gwiwar hannunka ciki, in ka ji kana son cirewa da sauri sirka shi. Ruwan da ya kai digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake ƙona fata, ba jarumta ba ce wallahi.

Zama kuma minti 15 zuwa 20 ya isa. Ranar farko ma yi 10 ka ga yadda jikinka zai ɗauka, kuma ka sa agogon waya don in daɗi ya kama mutum ba ya sanin lokaci. Dalili shi ne zafi yana buɗe hanyoyin jini, tansiyo ta sauka, zuciya ta ƙara gudu, zufa na fita ba ka sani ba tunda cikin ruwa kake, shi ya sa wani zai yi awa guda ya miƙe sai jiri ya kwashe shi ya faɗi bisa siminti.  Sha ruwa kafin ka shiga, in za ka fito tashi sannu sannu ka dafa bango, ka lulluɓe jiki ka huta kamar rabin awa, kar ka fito ka hau kabu-kabu cikin iskar nan.

Inda maganar take shi ne maimaitawa. A Faransa shiga ruwan zafi na maɓuɓɓuga jinya ce da lokotoro ke rubuta wa mutum, kwana 18 cikin sati 3, kullum banda rana ɗaya a sati, kuma binciken da suka yi kan masu ciwon gwiwa na tsufa ya nuna da yawa suna jin sauƙi har wata 6 bayan an gama. To ka ga wanda ya tashi tun daga nan ya je Tafadek can arewa da Agadas ya shiga ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a wurin kwana biyu ya dawo yana cewa bai ga komi ba, ai bai ba abin lokacinsa ba. A gida ka ɗauki sati 2 zuwa 3, sau ɗaya a rana, in da hali da dare awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya don yana kawo barci ma.

Na san za ku ce ina ruwan, mu da pampo ke kwana da kwanaki bai zo ba, bido ɗaya sai an ja da mai ga-ruwa. Ba dole sai ka nutsa duka ba. Ƙafa ce? bokiti ya isa. Basir ne? zauna cikin baho minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana. Baya ko wuya tawul za a tsoma a matse a ɗora, ya huce a sake.

Mai ciwon suga kar ya gwada ruwa da ƙafa, sau da yawa ƙafar ba ta jin zafi sai dai a ga ƙuna. Mai ciwon zuciya ko tansiyo ya tambayi lokotoronsa tukuna. Mai ciki kar ta wuce minti 10 kuma ɗumi kaɗan, musamman watannin farko. Targaɗe sabo, gaɓa mai kumburi da zafi, buɗaɗɗen miki, masassara, duk ba a sa musu zafi, targaɗe sanyi yake so kwana biyun farko.

Iyayenmu mata ku yi haƙuri zan taɓo wankan jego. Kwana 40 ana fyaɗa tafasasshen ruwa safe da yamma ga kunun kanwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa zafin nan da gishirin kanwa suna ɗora wa zuciyar mai jego nauyi. A yi wankan amma a sirka, a gajarta, in ƙafa ta kumbura ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta a kai ta asibiti ranar nan, kar a ce sanyi ne a ƙara wuta.

Kai ma mai ciwon gwiwa in sati 3 ya cika ba ka ga canji ba, ko ciwon yana tada ka cikin dare, bar ɓarnar gawayi ka je likita a duba.