Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sanya Alama a Zanen Birnin Bakin Ruwa

Matasan Sakkwato masu koyon zane da fentin ruwa suna sha'awar zana birni a gefen kogi, amma da yawansu sukan yi tuntuɓe wajen zaɓen abin da zai ɗauki ma'anar zanen.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne aron alama. Ɗalibi zai ga hoton birnin Venis na ƙasar Italiya a intanet, da baƙaƙen jiragensa da zakin nan mai fukafukai wanda shi ne tambarin birnin, sai ya kwaso siffar jirgin ya ɗora a kan kogin Rima. Waɗannan abubuwa suna da nauyi ne saboda tarihin Venis yana bayansu, kuma ko Turner, shahararren mai zanen Ingila, sai da ya taka zuwa can a 1819 da 1833 da 1840. Gyaran shi ne mai zane ya yi sammako zuwa gadar Kwalkwalawa, ya ƙare wa kwalekwalen masunta da fadamun shinkafa kallo. Duk wanda ya tuna ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai gane da kansa cewa kogin da ya cika har bakin gona yana nuna arziki da barazana a lokaci guda.

Sai cunkoso. Wani zai haɗa Hubbaren Shehu da fadar Sarkin Musulmi da raƙumi a takarda ɗaya, ido ya rasa inda zai tsaya. A zaɓi abu guda, a bar sauran su dusashe cikin hazo.

Akwai kuma masu shafe takarda gaba ɗaya, alhali a zanen fentin ruwa farin takardar shi ne haske. Idan ana son ketowar alfijir ta nuna kyakkyawan fata, dole a keɓe wurinta tun farko, a soma da launi mara kauri, a ƙare da mai duhu, domin farin fentin da aka ɗora daga baya kan dushe hasken.

Inuwar birni a cikin ruwa ma ana ɓata ta idan aka zana ta tsaf kamar a madubi, domin karyewarta ce ke nuna cewa ruwan yana tafiya. A jiƙa wurin, a ja launin zuwa ƙasa, sannan a ratsa shi da busasshen burushi. Da hunturu sai an hanzarta, saboda iskar Sakkwato kan busar da takarda kafin launin ya bazu.