Kurakuran da ake yi wa kuloci ranar canjin inji

Inji yana ƙasa, kuloci ga shi a fili, amma sai ka ga an kwance tsohon farantin kuloci an ɗaura wa sabon inji, ko juya shi ba a yi ba. Bayan wata biyu mota ta kama ihu a hawa ba ta ja, a sake sauke giya, mai mota ya biya kuɗin aiki sau biyu.

Ka auna zurfin kan ribit, wato ƙananan kusoshin da ke riƙe fatar farantin, daga fuskar farantin. Iyakar da Toyota ta sa milimita 0.3 ce, amma ni in ya gaza milimita 1 ba na mayarwa. Girgiza shi kusa da kunne, in sifirin na tsakiya suna ƙara, sun saki. In akwai maiƙo a jikinsa, fetur ba ya fitar da man da ya riga ya sha. Nemo inda ke yoyo, ko sil (robar da ke tare mai) na bayan inji ko na gaban giya. Injin Beljiyam ya daɗe a ajiye, robarsa ta bushe, don haka sabon sil nake sawa tun yana ƙasa.

Wanda ya fi ciwo shi ne jawo giya da kusoshi in ta ƙi shiga. Wa ya koya muku wannan? Giyar da ta tsaya saura ɗan yatsa tana faɗa maka faranti bai zauna a tsakiya ba. Kana ɗaurewa da ƙarfi cibiyarsa na lanƙwashewa, ka tada mota giya ta ƙi shiga, ka ce kayan ne jabu. Samo tsohon shaf na giya, sandar da ke shiga tsakiyar faranti, ka saita farantin kafin ka ɗaure murfin da ke matse shi, kusoshin kuma kaɗan-kaɗan, wannan sai wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen. Giya da hannu take zama, kuma kada ka bar nauyinta ya rataya a kan farantin ko na minti ɗaya.

In an ciro injin daga mota mai otomatik ne, leƙa ramin bayan kiranshaf, babbar sandar da inji ke juyawa. In motarka na amfani da ƙaramin boris a nan, ba za ka same shi ba sai ka sa.

Fulawil, faifan ƙarfen bayan inji da faranti ke mannewa, in yana da tabon shuɗi ko tsaga ya sha wuta, a kai shi a gyara fuskarsa ko a canza.

Boris ɗin da ke danna kuloci ba a wanke shi da fetur, giris ɗinsa a rufe yake. In yana gurnani a hannu, jefar.

Giris a haƙoran shaf ɗan shafawa ne kawai, in ya yi yawa farantin zai fantsama wa.

Ƙurar kuloci a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura, tana cutar da huhu.